Sassarfa a Kan Ƙanƙarar Budapest

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na hau ƙanƙara a birnin Budapest ba. Ko da na so in manta ma, mutanen gidana sun ɗauki alkawarin ba za su bar ni ba, don har yau in aka zauna shan shayi hira ta yi sanyi, sai wani ya dube ni ya ce, "Ɗarig, ya Hajji!" a fashe da dariya. Saboda haka gara in ba da labarin da bakina, kafin ku ji shi a wajen surukina, wanda duk bayarwa sai ya ƙara masa gishiri.

Ni haifaffen Makka ne. Kakana ne ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya sauke farali, ya ga wuri ya zauna. Yanzu a unguwar Ka'akiyya muke, ina da ɗan shagon darduma da carbi, ga tumbi, ga sanƙo, ba wanda zai gan ni ya ce na taɓa gudu a rayuwata. Amma da ƙuruciya sana'ata turin keken tsofaffi ce tsakanin Safa da Marwa, kuma ba yabon kai ba (to, yabon kai ne, amma gaskiya ce), a zamaninmu ba a yi kamata ba.

Ga yadda muke yi. Marmarar wurin santsi gare ta. Sai ka ɗauko gudu ƙafa ba takalmi, ka ɗora nauyinka a kan hannun keke, ka tafi suuu, kana ihu, "Ɗarig, ya Hajji! Ɗarig!" wato a ba da hanya. In za ka tsaya, ka kafa diddige biyu a ƙasa ka kwanta baya, keke ya tsaya cak. A tsakiyar hanyar kuma akwai wurin da aka sa wa korayen fitilu, inda sunna ce maza su yi sassarfa. Mu masu turi da mun hango koren nan ƙafa ke ƙara wuta da kanta, ba ta jiran shawarar kai. Ku riƙe wannan, za ku neme shi a gaba.

A wannan turin na samo matata, Hajiya Saude. Kakarta nake turawa duk Umarar azumi, ita kuma tana biye a gefe riƙe da takalman tsohuwa da gorar Zamzam, tana hararata in na cika gudu. Da maganar aure ta taso, iyayenta suka tsaya nuƙu-nuƙu, tsohuwar ce ta raba gardama. Ta ce, "Yaron nan surutu gare shi kamar rediyo, amma duk turin da yake mini ban taɓa jin hannunsa ya bar keke ba. Ku ba shi." Da wannan shaidar na yi aure, kuma da ita nake cika baki shekara da shekaru.

To, a 'yan shekarun nan gwiwoyin Hajiya suka gaza. An yi wa ɗaya aiki, ɗayar ma tana jiran nata. A cikin gida tana takawa da sanda, amma doguwar tafiya ta gagare ta. Matar da ba ta yin mako ba ta je Harami ba, sai ga ta tana kallonsa a talabijin kamar wadda ke wata ƙasa, alhali mota ɗaya za ta shiga. Na sayo keke sabo fil, na kawo gida ina murna. Ta dube shi, ta dube ni.

"Ni za a tura?" in ji ta. "Ina 'yar Makka, a ɗora ni kamar buhun shinkafa ina kallon cibiyar mutane? La, wallahi. Ɗauke abinka, Malam."

Na yi lallashi, na yi wa'azi, na kawo mata labarin manyan mata da na tura da hannuna. Na ce mata zama a keke ba komai ba ne, mutum ya zauna kawai. Ko gezau. Keken ya ƙare a naɗe bayan kabad, ana rataya masa tawul. Abin da ya fi ci mini rai kuwa dariyarta ce. Hajiya dariya gare ta irin wadda maƙwabta ke ji ta bango su taya ta ba su san dalili ba, amma tun da ta daina fita dariyar ta ɗauke. Gidan ya yi mini shiru, kuma na ji tsoron haka za mu ƙarasa.

Ana haka autarmu Huda, wadda ke karatun likita a Budapest tare da mijinta Faisal, ta matsa sai mun je mun ga wurin zamanta. Cikin tsakiyar sanyi. Hajiya ta yarda don kewar 'yarta, amma ko a filin jirgi da aka kawo mata keke ta ƙi, ta yi ta dogara sanda har muka zama na ƙarshen shiga jirgi, ma'aikata na kallonmu.

Sai maganar sanyi. Mu a Makka abin da muke kira sanyi shi ne ka kashe na'urar sanyaya ɗaki ka kunna fanka. Da muka sauka Faisal ya kawo mini wando mai kauri da wata rigar da ta kumbura kamar katifa. Na ce ya ajiye kayansa. Na ce ni da na sha kwana a filin Muzdalifa da zane biyu kacal a shekarun da Hajji ke faɗowa cikin sanyi, ni za a koya wa sanyi? Jallabiyata ta ishe ni, ga hirami, ga farwa (alkyabbar nan tamu mai gashin tumaki a ciki) da na aro wajen maƙwabcina. Yaron ya ce, "Tayyib, Baba," ya mayar da kayansa.

Fitar farko na gane kurena. Iska ta bi ta ƙasan jallabiya ta hau, har haƙorana suka fara gaisawa da juna. Amma na riga na cika baki a gaban suruki, ba dama in janye. Washegari, da ɗaki ya zama ba kowa, na buɗe akwatin Hajiya na zaro wani wandon ulu da Huda ta saya mata, mai kama jiki, ruwan hoda, da ƙananan furanni. Na zura shi a ƙarƙashin jallabiya. Wani ɗumi ya ratsa ni har na yi hamdala. Na ce a raina, wa zai gani?

Garin kam tsohon gari ne mai kyau, ba a cewa komai. Kogi ya raba shi biyu, ga gadoji, ga gine-ginen da suka girmi kakan kakana. Huda ta ce in mutum ya zo da sanyi bai ga filayen zamiya ba, kamar bai zo ba ne, don haka ta ɗauke mu a mota muka shiga zagaye. Akwai ƙarami a tsakiyar wata kasuwar sanyi, gaban wata ƙatuwar majami'a, yara na kewaya wata bishiya da aka yi wa ado. Akwai wani kusa da bakin kogi. Duk Hajiya ta gilashin mota take leƙe, tana cewa "Masha Allah" irin ta wanda aka tilasta. Amma da muka isa babban, sai ta ce a buɗe mata ƙofa. Tafki ne guda a gaban wani tsohon ginin sarauta mai hasumiyoyi. Faisal ya ce da zafi kwale-kwale ake tuƙawa a ciki, da sanyi kuma a mai da shi ƙanƙara, a fili fetal ba rufi, mutane su yi ta zamiya.

Muka tsaya a jikin shinge muna kallo. Na ga tsoho da yaro kowa na tafiya suuu, hannu a baya. Wani abu ya motsa a ƙirjina.

"Wannan ai sana'armu ce," na ce. "Su har sai sun sa takalmi na musamman. Mu da tafin ƙafarmu muka yi."

Huda, wadda Hausarta rabi Larabci ce, ta ce, "Baba, la. Marmara daban, ƙanƙara daban. Wallah wannan marra sa'ab, akwai wuya."

"Santsi santsi ne, 'yata," na ce mata, cikin muryar wanda ya ga duniya.

Can sai na lura Hajiya ba ta sauraronmu. Idonta na kan wata tsohuwar Baturiya mai farin gashi, zaune a kan wata kujera mai ƙarafa a ƙasa maimakon taya, wani tsoho na tura ta a kan ƙanƙarar, tana ta ƙyalƙyala dariya. Bayanta ga wata budurwa a irin kujerar, saurayi na turawa. Hajiya ta bi su da kallo har suka ɓace cikin taro, suka sake ɓullowa. Na daɗe ban ga idonta ya yi irin wannan hasken ba. Nan take na ce yau ce ranar. In ta zauna a wannan, ta ji daɗin hannuna, wataƙila na bayan kabad ma ya samu shiga.

Na matsa kusa da ita na rage murya. "Hajiya, kin ga wannan ba keken asibiti ba ne. Ko taya ba shi da ita. Kujerar 'yan gata ce, dubi waɗanda ke kai."

Ta sake bin tsohuwar da kallo. Can ta ce, "Malam, ka iya kuwa?"

"Kakarki ta taɓa faɗuwa a hannuna?"

"Lokacin kana da gashi a kai."

"Gashi ne ya tafi, hannu na nan."

Ta dubi Huda, ta dubi kujerar, ta ja dogon numfashi. "To. Amma sharaɗi ɗaya. Hannunka kada ya bar kujerar nan."

Na dafa ƙirji na ce ko duniya za ta tashi.

Aka kawo mini takalmin. Wani abu ne mai tauri har ƙwauri, da ƙarfe a ƙasa kamar wuƙar yankan albasa. Faisal ya durƙusa ya ɗaure mini igiya, yana cewa, "Baba, ma'alesh, yi haƙuri, bari in riƙe gefe ɗaya, ko in bi ku a kusa." Na ce masa a gaban matata ba mai taya ni riƙon keke, ya je ya yi wasansa. Yaro mai kunya, ya ja baya. (Ashe wayarsa ya je ya ciro.)

Aka zaunar da Hajiya, ta ɗora sandarta a cinya, ta gyara mayafi. Na sa ƙafa a kan ƙanƙara. Jama'a, ta dama ta nufi Jidda, ta hagu ta nufi Ɗa'ifa. Ba don na damƙi kujera ba da a nan labarin zai ƙare, kuma da ya fi mini. Amma kujerar ta rufa mini asiri. Da na ɗora mata nauyina sai ƙafafun suka dawo gida, na ɗan tura, muka gusa. Na ƙara, muka ƙara gusawa. A gaskiya ba ni nake riƙe da kujerar ba, ita ke riƙe da ni, amma daga nesa ba mai gane bambanci, ni ma ban gane ba.

"Shuwayya shuwayya, Malam, a hankali," in ji Hajiya, ta ƙanƙame hannun kujera.

Muka shiga cikin taro. Sai na ga kowa hagu yake kewayawa, yadda muka saba a gida wajen ɗawafi (Allah ya yafe mini, ba kwatantawa nake ba, jiki ne kawai ya ji kamar ya san hanyar). Na fara samun kari. Tura, zame, tura, zame. Kafaɗun Hajiya suka sauka. Ta fara waige-waige tana nuna mini hasumiyoyi, ta ce in dubi wata yarinya mai juyi da ƙafa ɗaya. Har na ji wani ɗan sauti ya fito daga maƙogwaronta, bai kai dariya ba amma ɗan uwanta ne. Kaina ya fasu. Na ji ni ɗan saurayi, da gashina da komai.

A garin nan da sanyi rana ba ta daɗewa, ana la'asar duhu ke fara shigowa. Muna cikin tafiya sai aka kunna fitilun ado da aka jera a saman filin. Wani sashe fari, wani ja. Muka sha kwana, sai ga wani dogon sashe a gabanmu, daga wannan gefe zuwa wancan, kore shar.

Wallahi ban yi niyya ba. Kaina bai ce komai ba. Ƙafafuna ne suka ga kore, suka tuna aikinsu.

Na dunƙule, na ɗauko gudu. Kujera ta amsa. A kan marmara in ka daina turi gudu raguwa yake, a nan kuwa ƙaruwa yake kamar ana biyansa. Iska ta cika farwa. Hajiya ta ƙwala ihu, "Malam! Malam! Mata ba sa sassarfa!" Ni kuwa bakina ya riga ya koma tsohon aiki, na buɗe murya a tsakiyar Turai ina faɗin, "Ɗarig, ya Hajji! Ɗarig! Ɗarig, ya Hajja!" Turawan nan ba wanda ya taɓa zuwa Hajji a cikinsu, amma da suka waigo suka ga baƙin dattijo cikin alkyabba yana tahowa da mace a kujera, sun fahimci saƙon.

Sai na hango ƙarshen filin yana matsowa. Na ce lokacin birki ya yi. Na yi abin da na yi sau ba adadi a rayuwata: na kafa diddige biyu, na kwanta baya.

Ƙanƙara ba ta san wannan yarjejeniyar ba. Ƙafafuna biyu suka tashi sama tare, suka daki bayan kujera da ƙarfin da ban san ina da shi ba, hannuwana suka kama iska, mazaunina ya sauka tim. Ban tsaya a nan ba. Farwar maƙwabcina ta zama mini tabarmar tafiya, na ci gaba da zamewa a rigingine ina juyawa a hankali, ƙafafu a sama, jallabiya ta tattare ta dawo wuya. Duk wanda ke filin nan, da wanda ke jikin shinge, da mai sayar da shayi, sun ga wandon ulu ruwan hoda mai furanni, daga ƙugu har idon sawu, a ƙarƙashin koren fitila.

Da na ture jallabiya daga fuskata, abin da na gani ya mantar da ni wando. Hajiya ce can gaba, ita kaɗai, kujera na tafiya da ita ba mai riƙo, mayafinta na kaɗawa. Ta ɗaga sandarta sama, kuma da muryar da na yi shekaru ban ji ba tana faɗin, "Ɗarig! Ɗarig, ya Hajji!" Mutane na darewa hagu da dama. Kujerar ta je ta daki tarin garin ƙanƙara da aka share aka tara a gefe, ta tsaya. Hajiya ta kife gaba, ta dunƙule, ba ta ɗago ba.

Abu ɗaya na tuna. Gwiwar nan da aka yi wa aiki, gwiwar da muka yi wata da watanni muna lallaɓawa. Matar da ta ƙi zama a keken kowa ta zauna a nawa saboda ta yarda da ni, abu ɗaya tak ta roƙa, shi ma na kasa. Na yunƙura in tashi, na koma. Na sake yunƙurawa, idon sawuna ya ce bai san zancen ba. Sai na kama rarrafe. Dattijo mai jikoki, hannu da gwiwa a kan ƙanƙara, hirami na jan ƙasa, ina kiran "Saude! Saude!", sunan da rabon da in kira shi a bainar jama'a tun muna da ƙuruciya.

Na isa na tarar kafaɗunta na rawa. Na ce shi ke nan, kuka take. Na kama gefen kujera na ce, "Hajiya, ina ne? Gwiwar ce? Ki yafe ni, don Allah ki yi magana."

Ta ɗago. Hawaye shaɓe-shaɓe a fuskarta, amma bakin a buɗe, numfashi na neman gagararta. Dariya take. Dariyar nan ta da, mai ratsa bango. Ta nuna ƙafafuna da sanda, ta yi yunƙurin magana ta kasa, ta sake gwadawa.

"Wandona!" in ji ta. "Wandona ne! Ni ina ta yi wa Huda faɗa na ce ta kai wanki ta ɓatar!"

Daidai nan Huda da Faisal suka iso. Huda ta duba gwiwar uwarta, ta lanƙwasa ta miƙe, ta ce lafiya lau, sannan ta juya baya kafaɗunta na rawa. Faisal, Allah ya yi masa albarka, ya yi ta maza ya haɗe rai, ya ja mini jallabiya ƙasa ba tare da ya kalli abin da yake rufewa ba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, amma ƙasar ma ƙanƙara ce.

Na zaci iyakar kunyar ke nan. Ashe da saura. Idon sawuna ya gurɗe, ko tsayuwa ba na iyawa, ga ƙofar fita can ɗaya ƙarshen. Faisal ya ɓace, ya dawo yana turo wata kujerar. Ya tsayar da ita a gabana, ya sunkuyar da kai.

"Tafaddal, Baba."

Ni. Ni da na tura Alhazan duniya, daga na Sakkwato har na ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba, ba a taɓa tura ni ba ko sau ɗaya. Aka ciccibe ni aka ɗora. Surukina ya kama bayan kujerata, Huda ta kama ta uwarta, aka jera mu kafaɗa da kafaɗa.

A kan kujerar nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Da ka zauna, duniya tsawo take ƙarawa. Ba ka ganin fuskar kowa sai maɓallin rigarsa. Wanda ya dube ka, daga sama yake dubanka, da ɗan murmushin tausayi. Wani ma'aikacin wurin ya zo tambayar ko a kira likita, amma Faisal ya tambaya, ba ni ba, kamar ni kaya ne aka ɗauko. Ba ka da ikon cewa nan za ni, sai inda na bayanka ya nufa. Shekara nawa ina ce wa tsofaffi, "Zauna kawai, Baba, ba komai," ina ce wa matata haka, ban taɓa sanin abin da nake roƙonsu ba.

Hajiya ta leƙo fuskata. "Ya ka ji, Malam?"

"Da ɗaci," na ce.

"Haka ne?" Ta gyaɗa kai a hankali, ba dariya wannan karon. Ta miƙo hannu ta ɗan dafa nawa. Har na fara shirya kalaman ban haƙuri masu nauyi, sai ta juya ta ce, "Huda, kada ki fita tukuna. Ƙara mana zagaye ɗaya." Ta nuna ni da haɓa. "Har da shi."

Haka aka sake kewayawa da ni filin nan kaf, a gaban mutanen da suka riga suka san launin wandona. Wasu har tafi suke. Da muka zo ƙarƙashin koren fitila, Faisal ya sunkuyo kunnena ya ce cikin ladabi, "Baba, in ƙara gudu?" Tun daga ranar na san yaron nan ba kunya gare shi ba, iya ɓoyewa ne.

Muka dawo Makka, ƙafa ta warke, labari ya riga mu isowa ta waya. Ban ƙara yi wa Hajiya maganar keke ba, don na ga ba ni da bakin yi. Wata rana na dawo daga shago bayan la'asar, na tura ƙofa, sai ga keken nan a tsakiyar falo, a buɗe, an goge shi tas, ba tawul ko ɗaya. Hajiya na zaune a gefe da abayarta, jaka a cinya.

"Na ga ka zauna, ba ka mutu ba," in ji ta. "Je ka yi wanka. Umara nake so."

Muka je Tan'im muka ɗauko niyya. Da muka shiga Harami, idonta ya sauka a kan Ka'aba, ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai isarta, ni ma a bayanta ban tsira ba. Muka yi ɗawafi, muka hau Safa. Tafin ƙafata ya taka marmarar da ya sani, ya gaishe ta. Na riƙa tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, ina sunkuyowa ina tambayarta ko nan ya yi, ko can take so. Da korayen fitilu suka ɓullo, na danne ƙafafuna da duk ƙarfina, har na fi masu sanda nawa.

Ba ta waigo ba ta ce, "Malam."

"Na gani, Hajiya. A hankali nake."

"Ai kai namiji ne, sunnarka ce. Ɗan taɓa kaɗan." Ta gyara zama, ta kama hannun keke, ta ɗaga murya yadda na gabanmu za su ji: "Ɗarig, ya Hajji!"

Na ɗan taɓa kaɗan. Hannuna kuwa sai da muka gama, ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, sannan ya bar keken.

Abin da na koya ba shi da yawa. In 'yarka ta ce maka marmara daban ƙanƙara daban, ka yarda, ko da rabin maganar da Larabci ta yi. Kada ka ƙara ce wa mutum zama a keke ba komai ba ne sai ka zauna an tura ka. In kuma dole sai ka saci wandon matarka, ka duba akwatin da kyau, akwai baƙi a ƙasa. Mai furannin dai Hajiya ta ce in riƙe, wai duk Budapest ta shaida nawa ne.